Batirin Kwamfutar Tafi-da-Gidanka da Ya Ƙi Cika: Dalilai da Hanyoyin Bincike

Ƙorafi ne da masu gyaran kwamfuta suka saba ji daga bakin ɗalibai da malamai: an jona kwamfutar tafi-da-gidanka da wuta tun bayan sallar isha'i, gari ya waye, amma lambar da ke kusurwar allo ta cije a kashi 60 ko 80 cikin ɗari. Abin da kan fara zuwa zuciyar mai kwamfutar shi ne batir ya mutu, sai ya shiga lissafin kuɗin sabo. A wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas, batir shi ne rabin kwamfuta. Malamin da ke shirya sakamakon jarrabawa da ɗalibin da ke rubuta kundin bincikensa duk sun san zafin a ɗauke wuta aiki ya salwanta. Sai dai ƙin cikar batir alama ce wadda abubuwa dabam-daban kan haifar, kuma wasunsu ba su buƙatar a kashe ko kwabo. Kamar yadda likita ba ya rubuta magani don kawai an ce masa jiki ya yi zafi, haka ya kamata a gano musabbabi kafin a kai hannu aljihu. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke faruwa a cikin batir, sannan ta jero matakan gano inda matsalar take.

Abin da ke cikin batir

Masunta a kogunan ƙasar Hausa sun san minjirya, kifin nan da ke girgiza hannun duk wanda ya taɓa shi. A ƙarƙashin fatarta akwai ɗimbin ƙwayoyin halitta na musamman, kowace tana ba da ɗan ƙarfin lantarki kaɗan. Da yake suna sakin ƙarfin nasu a tare, abin kan haɗu ya kai folt 300 ko fiye a jikin babban kifi. Lokacin da Alessandro Volta, masanin ƙasar Italiya, ya bayyana batirinsa na farko a shekarar 1800, ya kwatanta shi ne da gaɓar lantarki ta irin waɗannan kifaye. Ya jera faifan ƙarfe iri biyu, ɗaya bisa ɗaya, da kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu. Har yau wannan dabara ta jerawa ita ce ake bi. Batirin kwamfuta tarin ƙananan batura ne, waɗanda za a kira su ƙwayoyi a nan, galibi uku ko huɗu a jere.

Ƙwayoyin da ake amfani da su yanzu na sinadarin litiyam ne. Stanley Whittingham ya aza harsashinsu a shekarun 1970, John Goodenough ya inganta su a Jami'ar Oxford a 1980, Akira Yoshino na ƙasar Japan kuma ya haɗa samfurin da ba shi da haɗari sosai a 1985. Kamfanin Sony ya fara sayar da su a 1991, kuma a 2019 aka ba masanan nan uku lambar yabo ta Nobel a fannin ilmin sinadarai.

Kowace ƙwaya tana da faranti biyu. Ɗaya na girafait ne, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, ɗayan kuma haɗin litiyam ne da wasu ƙarafa irin su kobal. A tsakaninsu akwai wani ruwa na musamman da siririyar takarda mai hana su taɓa juna. Idan ana caji, wutar caja tana tura ƙwayoyin zarra na litiyam su ratsa ruwan su shige cikin ƙofofin girafait su zauna. Idan kuma kwamfuta tana cin batir, sai su juya su koma inda suka fito, tafiyar tasu ta sa lantarki ya bi waya ya yi aiki. Wannan kai-da-kawowa shi ne rayuwar batir baki ɗaya.

Ma'anar cika

Batir ba shi da baki irin na tulu da za a leƙa a ga ruwa ya kawo wuya. Ana gane cikarsa ne ta ƙarfin turawar lantarkinsa, wanda ake aunawa da folt. Ƙwayar litiyam ta yau da kullum tana kai folt 4.2 idan ta cika, tana sauka zuwa wajen folt 3 idan ta ƙare, matsakaicinta kuwa 3.6 ne ko 3.7. Shi ya sa ake ganin an rubuta folt 11.1 a jikin batir mai ƙwaya uku a jere, wanda kuma yakan kai 12.6 a cike. Wasu sababbin ƙwayoyi an yi su don su ɗan zarce 4.2, amma kowace iri tana da iyakarta. Idan aka ƙetare iyakar, sinadaran ciki kan rikice, batir ya yi zafi, har ya kama da wuta. Saboda haka ne aka sa wa kowane batir ɗan allon lantarki mai tsaro, wanda ke lura da ƙarfin kowace ƙwaya da zafinta, ya kuma yanke caji da zarar ya ga abin da bai dace ba.

Caji yana tafiya ne zango biyu. A zangon farko ana tura wuta da yawa ba tare da raguwa ba, har ƙwayoyi su kai iyakar folt ɗinsu, wanda kan faru a wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. A zango na biyu ana riƙe folt a wuri ɗaya, wutar da ke shiga kuma tana raguwa sannu a hankali har ta kusa ƙarewa. Abin ya yi kama da cikar masallacin Juma'a: waɗanda suka zo da wuri suna samun wurin zama nan take, na ƙarshe kuwa sai sun bi sahu-sahu suna neman 'yar kafa. Don haka idan batir ya yi sauri zuwa kashi 80 sannan ya fara jan ƙafa, lafiyarsa lau. Kashi 20 na ƙarshe kan iya cin lokaci kusan daidai da wanda aka ɓata wajen rabin farko.

Wani abin lura shi ne lambar da ke kan allo ƙiyasi ce. Allon tsaron nan yana ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, kamar mai shago da ke rubuta shige da ficen kaya a littafi ba tare da ya shiga rumbu ya ƙirga buhuna ba. Ƙananan kurakurai kan taru a tsawon watanni, har littafi ya saɓa da abin da ke rumbu. Haka kuma kashi ɗari da ake nunawa yana nufin iyakar abin da batir zai iya ɗauka a yau, ko da ya gaza abin da yake ɗauka yana sabo. Wannan ne ya sa tsohon batir yakan nuna ya cika fal, amma ya ƙare cikin rabin sa'a.

Dalilai biyar

Dalili na farko, wanda kuma ake yawan mantawa da shi, shi ne an hana batir cika da gangan. Bincike ya tabbatar da cewa ƙwayar litiyam tana saurin tsufa idan ta daɗe a cike, musamman cikin zafi. Don haka kamfanoni suka sanya wani tsari na tsayar da caji kafin ya kai ƙarshe. Kwamfutocin ASUS suna ba da zaɓin tsayawa a kashi 60 ko 80 ko 100. Na Lenovo suna da irin wannan tsari a manhajarsu ta Vantage, na Apple kan dakata a kashi 80 idan sun lura ana yawan barin su a jone, na Surface kuma ana iya tsayar da su a kashi 50. Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu wadda aka yi amfani da ita a wani ofis yana iya gadon wannan tsari bai sani ba. Alamarsa ita ce caji yana tsayawa a lamba guda daidai kullum. Kazalika kwamfutoci da yawa ba su sake fara caji sai batir ya sauka ƙasa da wajen kashi 95, don haka ganin 97 ko 98 ba abin damuwa ba ne.

Dalili na biyu shi ne caja. A jikin kowace caja an rubuta folt da amfiya, kuma idan aka ninka ɗaya da ɗaya za a sami wat, wato ƙarfin aikinta. Alal misali, folt 19.5 sau amfiya 3.33 ya ba da kimanin wat 65, alhali folt 19.5 sau amfiya 2.31 wat 45 ne kawai. Kwamfuta tana fara ɗibar abin da take buƙata don aikinta, sai ragowar ta tafi ga batir. Idan aka jona cajar wat 45 ga kwamfutar da aka yi wa ta wat 65 ko 90, ragowar kan yi kaɗan ko ma babu, sai batir ya tsaya cik, wani lokaci har ya riƙa raguwa alhali yana jone. Cajojin jabu sukan ɗauki rubutun wat 65 amma su kasa ba da shi. Bugu da ƙari, a bakin cajojin Dell da HP masu zagayayyen kai akwai wata siririyar allura a tsakiya, wadda ta nan ne kwamfuta ke gane irin cajar da aka jona mata. Idan allurar ta karye ko wayarta ta tsinke, kwamfuta tana iya kamawa ta yi aiki amma ta ƙi cajin batir. Masu amfani da bakin USB-C su ma su sani cewa cajar wayar salula ba kasafai take isar kwamfuta ba, kuma wayar haɗi ta gama-gari ba ta wuce wat 60.

Dalili na uku shi ne zafi. An tsara ƙwayoyin litiyam su karɓi caji tsakanin digiri 0 da kimanin digiri 45 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafin batir ya zarce haka, allon tsaro yakan rage caji ko ya dakatar da shi har abin ya huce. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin rana a watan Afrilu kan haura digiri 40, kaɗan ne ya rage a kai wannan iyaka tun kafin a kunna kwamfuta. Idan aka ɗora ta a kan katifa ko darduma ƙofofin iskarta suka toshe, ko ƙurar hunturu ta cika fankarta, to an gama haɗa matsalar. Alamar wannan ita ce batir ya cika da asuba amma ya ƙi da azahar.

Dalili na huɗu shi ne kuskuren lissafin da aka ambata a baya, ko kuma wata tangarɗa a manhajar da ke isar da saƙo tsakanin batir da kwamfuta. A nan batir ya cika a zahiri, lambar ce ta yi ƙarya. Akan gane haka idan lambar tana tsalle, misali daga kashi 40 ta faɗo zuwa 7 cikin minti ɗaya, ko kuma kwamfuta ta daɗe tana aiki alhali allo na nuna kashi 1.

Dalili na biyar shi ne tsufa. Tun daga cajin farko wani siririn ɓawo yake fara taruwa a fuskar girafait, kuma kullum yana ƙara kauri yana cinye wani ɓangare na litiyam ɗin da ya kamata ya riƙa kai da kawowa. Ɗaliban ilmin halittu sun san ƙa'idar nan cewa yawancin ayyukan sinadarai kan ninka saurinsu idan zafi ya ƙaru da kimanin digiri 10. Wannan ƙa'ida da ke sa nama saurin ruɓewa da bazara ita ce ke sa batir saurin tsufa a ƙasashe masu zafi. Ana auna shekarun batir da zagaye, wato duk lokacin da aka ci abin da ya kai cikinsa guda, ko a zama ɗaya ko a rarrabe. Batura da yawa sukan sauka zuwa kimanin kashi 80 na ƙarfinsu na asali bayan zagaye 300 zuwa 500, wasu kuma an yi su don su kai 1,000.

Ƙwayoyin da ke cikin batir ɗaya ba su tsufa daidai da juna. Wadda ta fi kusa da wurin zafi takan riga 'yan'uwanta raunana. Da yake cikinta ya ƙanƙance, ita ke fara kai iyakar folt a lokacin caji, sai allon tsaro ya yanke wuta don kare ta, alhali sauran ba su ƙoshi ba. Ayari ba ya wuce saurin raƙumin da ya fi gajiya. Irin wannan batir yakan tsaya a lambobi mabambanta, yau 73 gobe 68, kuma yakan kashe kwamfuta ba zato da zarar an zare caja.

Matakan bincike

Hikimar bincike ita ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi, kuma a canja abu ɗaya kawai a kowane gwaji, kamar yadda ake yi a ɗakin gwaje-gwaje.

Mataki na farko shi ne lura. A rubuta lambar da caji ke tsayawa a kai har kwana uku. Idan lamba ɗaya ce kullum, kamar 60 ko 80, a duba manhajar kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ko shafin saitin da ke fitowa kafin Windows ta tashi, a ga ko an kunna tsarin kiyaye batir. Wanda ke da wuta a tsaye yana iya barin tsarin a kunne, domin yana ƙara wa batir kwana. Wanda kuma ke buƙatar kowane ɗigo na caji saboda ɗauke wuta yana iya kashe shi.

Mataki na biyu shi ne a kashe kwamfutar gaba ɗaya, a bar ta ta huce a wuri mai iska, sannan a jona ta a kashe har sa'a uku. Idan ta cika a haka, to batir na da sauran lafiya, zargi ya koma kan raunin caja ko zafi.

Mataki na uku shi ne duba caja. A gwada rubutun jikinta da wanda ke ƙarƙashin kwamfuta. Folt lalle ne ya yi daidai, wat kuwa yana iya fin wanda ake buƙata amma kada ya gaza. A duba waya, musamman inda take lanƙwasa kusa da kai, a duba allurar tsakiya, a kuma lura ko fitilar caji tana ɗaukewa idan aka motsa kan, domin wannan alama ce ta sakin ramin caji. Hanya mafi sauƙi ita ce a ari caja ta asali irin ta kwamfutar a gwada.

Mataki na huɗu shi ne a zare caja, a cire batir idan mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 30, sannan a mayar da komai. Wannan kan farfaɗo da ɗan sashen da ke kula da caji idan ya rikice. Yana da kyau kuma a sabunta manhajojin kwamfutar daga kamfanin da ya ƙera ta.

Mataki na biyar shi ne a nemi batir ya faɗi lafiyarsa da kansa. A kwamfuta mai Windows, idan aka buɗe tagar ba da umurni aka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto. Layuka biyu ne suka fi muhimmanci a cikinsa: Design Capacity, wato abin da batir ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, wato abin da yake ɗauka yanzu. A ƙaddara na farko ya nuna 50,000, na biyu kuma 32,000. Idan aka raba 32,000 da 50,000 aka ninka da ɗari za a sami 64, ma'ana fiye da sulusin ƙarfin batir ya tafi, kuma babu wata manhaja da za ta dawo da shi. Wannan gwaji na minti biyu ya kamata duk mai sayen kwamfuta ta hannu ya yi shi tun yana gaban mai shago.

Mataki na shida shi ne daidaita lissafi, idan ana zargin lambar ce ke ƙarya. A yi caji har ya tsaya, a zare caja a yi aiki har kwamfuta ta mutu da kanta, sannan a sake cika ta ba tare da katsewa ba. Wannan yana gyara ƙiyasi ne kawai. Ba abin yi ba ne kullum, domin yawan ƙarar da batirin litiyam ƙarƙaf yana cutar da shi. Shawarar nan da ake yawan ji, wai a bar batir ya ƙare kafin a sake caji, an gaje ta ne daga zamanin baturan nikel da kadmiyam, ba ta shafi na litiyam ba.

Idan duk an bi waɗannan matakai, an gwada caja mai kyau da batir mai kyau amma matsalar tana nan, to laifin na allon cikin kwamfutar ne, kuma aikin ƙwararren mai gyara ne.

Inda bincike ke tsayawa

Akwai alamar da idan an gan ta ba a ci gaba da gwaji. Ƙwayar da ta lalace takan tara iska a cikinta ta kumbura. Idan aka ga wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko kwamfuta ta daina zama daidai a kan tebur, ko aka ji wani wari mai kama da na sinadari, sai a kashe ta nan take, a zare caja, a ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da labule. Kada a danna kumburin, kada a huda shi, kada a jefa batirin cikin sharar da za a ƙona. Ruwan da ke cikinsa mai kamawa da wuta ne. Haɗarin ba tatsuniya ba ne: a watan Agusta na 2006 kamfanin Dell ya janye batura miliyan 4.1 daga hannun jama'a saboda fargabar gobara. Haka nan al'adar fasa batir a canja ƙwaya ɗaya da wata da aka ciro daga tsohon batir tana da hatsari, domin ƙwayoyin da ƙarfinsu bai yi daidai ba ba su zama lafiya a jere ɗaya.

Kammalawa

Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Batir ya fi daɗewa idan ana aiki a kan tebur mai barin iska ta ratsa, ana share ƙurar fanka bayan hunturu, ba a barin kwamfuta a cikin mota da rana, kuma ana amfani da caja ta asali. Wanda zai ajiye kwamfuta tsawon hutu ya bar batirinta a wajen rabi, a wuri mai sanyi.

Malaman kimiyya kuma suna iya mayar da wannan batu darasi. A jona kwamfutar da batirinta ya sauka zuwa kashi 10, ɗalibai su riƙa rubuta lambar caji duk bayan minti goma, sannan su zana jadawalin lamba da lokaci. Za su ga layi ya miƙe sama da farko, daga baya ya lanƙwasa ya kwanta, wato zangon caji biyu da aka bayyana. Idan aka maimaita gwajin da kwamfuta a kashe, sannan da ita tana aiki, sannan da caja mai ƙaramin wat amma folt iri ɗaya, za a sami layuka mabambanta da za a iya gwadawa da juna. Ɗalibin da ya zana waɗannan layuka da hannunsa zai iya duban batirin gidansu ya faɗi ko caja ce ta gaza, ko zafi ne ya yi yawa, ko kuwa lokacin sayen sabo ne ya yi.